Sharhi kan HP Z840 mai furosesa biyu: ƙarfinta da iyakarta

Injin da aka gwada tsawon watanni shi ne HP Z840, babbar kwamfutar tebur ta aiki mai nauyi, na hannu (wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi), ɗauke da furosesa biyu ƙirar Intel Xeon E5-2680 v4 da RAM mai gigabait 128. Kowane furosesa yana da ƙwayoyin aiki 14, gudunsa na asali gigahaz 2.4, yana iya haurawa zuwa 3.3. Idan aka haɗa biyun, ƙwayoyi 28 ke nan, zaren aiki 56, domin kowace ƙwaya tana ɗaukar jerin umarni biyu a lokaci guda. Lissafin yana da daɗi a takarda, amma furosesa biyu ba ya nufin ninkin gudu, kuma a nan masu saye da yawa suke yin kuskure.

Dalilin yana cikin yadda aka raba RAM. Babban allon yana da ramukan RAM 16, takwas na furosesa na farko, takwas na na biyu, kowanne da hanyoyi huɗu zuwa nasa. Kamar maƙwabta biyu ne, kowa da rumbunsa a tsakar gidansa, sai ƙofa ɗaya a katangar da ta raba su. Wannan ƙofar ita ce QPI. Furosesa yana ɗebo bayani daga nasa rumbun nan take, amma in abin da yake nema yana wurin maƙwabci, dole ya bi ta ƙofar, ya jira. Wannan tsari shi ake kira NUMA. Bayan haka kuma, duk lokacin da ɗaya ya canza wani bayani da ɗayan ke riƙe da kwafinsa a ƙaramar ma'ajiyarsa, sai sun sanar da juna, wannan kai-kawon ma yana cin lokaci.

Saboda haka jera RAM ba abin wasa ba ne. Sanda takwas masu gigabait 16, huɗu a kowane ɓangare, ɗaya a kowace hanya: haka ya kamata. Wanda ya cusa su duka a ɓangare ɗaya ya mai da furosesa na biyu ɗan roƙo, komai sai ya je maƙwabta. Kuma dole su zama DDR4 masu rajista da ECC, wato irin RAM ɗin manyan injina mai gyara kuskure da kansa, RAM ɗin kwamfutar gida ba zai tashi Z840 ba.

Inda injin ya burge ni shi ne aikin da ake iya yankawa gunduwa-gunduwa: fitar da hoto mai siffa uku a manhajar Blender, harhaɗa babbar manhaja, ko tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo (waɗanda manhaja ke ƙirƙira a cikin injin) da yawa a lokaci guda. Musamman na ƙarshen. A Linux, umarnin lscpu zai nuna maka waɗanne ƙwayoyi ne na kowane ɓangare, numactl kuma zai ɗaure aiki da furosesa ɗaya tare da RAM ɗinsa. In aka yi haka, bambancin a fili yake.

Wasannin bidiyo da manhajojin da ke bin zare ɗaya kuwa, sabuwar kwamfutar tebur mai ƙwayoyi shida ta fi Z840 sauri. Tun 1967 masanin ƙirar kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana dalili: in kashi goma cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, ko ka tara ƙwayoyi dubu ba za ka wuce ninki goma ba.

Akwai abubuwan da ke hana Z840 tashi ko su rage mata ƙarfi. Furosesa biyun dole su zama iri ɗaya sak. Tsohon BIOS, manhajar da ke tayar da babban allo, ba ya gane furosesa ƙirar v4, sai an sabunta shi tun furosesa ƙirar v3, wanda ya gabace shi, yana ciki. Wasu ramukan PCIe, inda ake soka katin hoto da makamantansa, a furosesa na biyu suke rataye, in babu shi ba sa aiki. Windows Home furosesa ɗaya kawai take gani, sai Pro. Windows 11 kuma ba ta sa waɗannan Xeon a jerin da take karɓa ba, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ni Linux nake ba da shawara.

Sai wuta. Kowane furosesa wat 120 ne, biyun 240 kafin a ƙirga katin hoto da fankoki, don haka ƙaramar inbata ba za ta riƙe ta ba. A zafin watan Afrilu fankokin suna ƙara sosai, lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe ƙarafan sanyaya. A riƙa hure su akai-akai, a kuma sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen tun ranar da aka saya, domin na injin hannu galibi ya riga ya bushe.