Highlander ƙirar 2008 bayan shekara 3 a hannuna

A farkon 2022 na sayi motar nan, Toyota Highlander ƙirar 2008, beljiyom, bayan na daɗe ina fama da wata ƙaramar mota wadda duk ramin da ta gani sai ta gaishe shi da cikinta. Dalilina bai wuce biyu ba. Iyali sun ƙaru, sannan Hajiya tana Kumo ta jihar Gombe, kusan duk wata sai na tashi daga Bauchi na je gaishe ta. Wanda ya san hanyar Bauchi zuwa Gombe, kilomita wajen 150 ta Alkaleri, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Injinta mai silinda 6 ne, lita 3.5, ƙarfin doki 270, giya kuma otomatik mai hawa 5. In ka zo wuce tirela ba ka roƙonta, kana taɓa totur ta amsa. Irin injin nan shi ne a Lexus RX 350 da Sienna da Camry mai silinda 6 na wancan zamanin, don haka bakanikenmu na Bauchi sun san cikinsa, kayan gyara ma ba sai an aika Legas ba. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita lokacin shigar iska da fitar hayaƙi a injin, ba bel ba, wani ciwon kan ya ragu ke nan. Kujera 7 gare ta, amma ta can baya ta yara ce, babban mutum in ya zauna gwiwarsa sai ta kai haɓa. In kuma aka ɗaga ta, wurin kaya bai fi na buhu ɗaya da 'yar jaka ba.

Mai kuwa tana sha, kuma na san haka tun kafin in biya kuɗi. A nawa lissafin, cikin gari da na'urar sanyi a kunne, lita ɗaya takan kai ni kilomita 6 zuwa 7, a doguwar hanya wajen 10. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba ban damu ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, sai na fara kallon tankin nan mai lita 72 da wani ido daban. Yanzu in cefane ne a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, babur ɗin ɗan autan gidanmu nake aro.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi dai wani abu ne da ya same ni a watan Afrilu na 2023, ana tsakiyar zafin nan da kwalta ke sheƙi kamar an zuba mata ruwa. Mun wuce gadar Dindima kaɗan, ni da uwargida da yara 3, ina kan 110, ba zan ɓoye ba. Sai kawai muka ji fam! kamar an harba bindiga, bayan motar ya fara rawa hagu da dama. Uwargida ta saka salati. Ƙafata har ta tashi za ta kai wa birki, sai maganar wani tsohon direban ma'aikatarmu ta faɗo mini, wanda kullum yake cewa in taya ta fashe, birki ne ke kifar da mota ba tayar ba. Na damƙe sitiyari da hannu biyu, na riƙa sassauta totur a hankali, na bar ta tana rage gudu da kanta. Sai da ta dawo wajen 40 na fara taɓa birkin kaɗan-kaɗan har muka sauka gefe. Na fi minti 5 a zaune hannuna na karkarwa kafin in iya fitowa ɗauko jak.

Washegari na kai wa bakanikena gawar tayar. Ya juya ta, ya tofa yawu a gefenta ya goge da babban yatsa, ya ce, "Alhaji, zo ka karanta da kanka." Bayan haruffan DOT akwai lamba 4 a cikin wani ɗan zagaye: 2313. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi ta a mako na 23 na 2013. Taya mai shekara kusan 10 na ɗora wa iyalina, ina murna wai na samu beljiyom mai sabon zane da araha. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta tsattsage daga ciki, zanen kuma yana nan fes yana yaudararka. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun daɗe suna cewa taya ta wuce shekara 4 a canza ta, mu muna ɗauka neman tara suke yi.

Bai tsaya nan ba. Ya gwada iskar sauran ukun, kowace ta haura 50. Mai facin da nake tsayawa wurinsa, in ya ga jif sai ya yi ta ɗura iska har sai taya ta yi tauri kamar dutse, wai babbar mota ce. Bakaniken ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin, wadda na shekara ina wucewa ban taɓa karantawa ba: 30 aka rubuta. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, riƙon hanya ya ragu, rami kuma ya same ta a tauri. Ta yi kaɗan, gefen taya ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya yage, wannan ma ya fi saurin fasa ta. Na sayi sababbi 4 rana ɗaya, aljihuna ya ji a jikinsa, na haɗa da ɗan ma'aunin iska da nake ajiyewa a aljihun mota. Da safe nake gwadawa, kafin taya ta yi zafi.

Tun daga ranar na daina yarda da abin da jif ke raɗa wa direba. Kana zaune a sama, kana hango kan ƙananan motoci, ƙarar hanya ba ta shigowa, sai ka ga allura a 120 kai kana jin kamar 80 kake yi, alhali 80 ɗin ita ce ƙa'idar motar gida a babbar hanya irin wannan, 100 kuma sai a tagwayen hanya. Tsayin nan da ke hana cikinta taɓa ƙasa, kusan santimita 20 ne, shi ne kuma ke ɗaga nauyinta sama. A kwana tana jingina fiye da ƙaramar mota, in ka fizgi sitiyari don kauce wa akuya za ka ji jikinta ya tafi gefe guda kafin ya dawo. Tana da na'urar da ke kama birkin kowace taya ita kaɗai in ta ji mota za ta zame, na taɓa ganin fitilarta ta yi ƙyafta-ƙyafta a kan tsakuwa, amma na'ura ba ta mayar da doguwar mota gajera. Shi ya sa na daina ɗaure buhun masara a rufi in za mu dawo daga Kumo. Mai nauyi ya shiga ciki, ya kwanta ƙasa. Bel kuma har na kujerar baya, duk da ƙorafin da Hajiya take yi cewa na ɗaure ta kamar ragon layya.

Wata kunyar da na sha a daminar bara ita ce ta ƙauye. Mun je ɗaurin aure wani gari da ake ratsewa daga hanyar Dass, aka ce akwai laka a gaba, na ce ai jif ce. Tawa tayun gaba kaɗai ke ja, ba duk Highlander ke jan 4 ba, kuma a kan ginin Camry aka ƙera ta, ba 'yar gidan Land Cruiser ba ce. Nan ta kafe har bamba. Samarin gari 6 suka tuɓe riga suka turo ni, ɗaya yana dariya yana cewa, "Yallaɓai, wannan ai jif ɗin birni ce." Ban yi musu ba, na sallame su. Ruwa mai gudu kuwa ko ana biyana ba na shiga, domin in bakin shaƙar iskar injin ya sha ruwa, sai dai a yi maganar wani injin.

Kulawarta ba ta da wahala in ba ka yi ganganci ba. Baƙin mai duk kilomita 5,000, irin lambar da ke rubuce a murfin, ba mai kauri na jarka da ake aunawa a bakin titi ba. Da hunturu ƙura takan toshe matatar iska cikin 'yan makonni, sai in cire in kakkaɓe, in ta yi baƙi in canza. An taɓa ba ni shawarar a cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye wai saboda zafin Arewa, na ƙi, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa ƙarin mai yake sha, kuma ya fi saurin cinyewa. Lagireto ruwansa na musamman nake zubawa, ba na rijiya ba. In ina gangarowa daga Jos nakan mayar da giya ƙasa injin ya riƙe ta, maimakon in kwanta a kan birki har ya fara wari. Kafin in yi ribas a ƙofar gida kuma sai na zagaya bayanta da ƙafa, don yaro ɗan shekara 3 in ya tsaya dab da bamba ba ka ganinsa ta madubi, unguwarmu kuwa yara kamar fari.

Mai iyali da ke yawan bin hanyar Gombe ko Azare, kuma yana da halin mai, zan ce masa ya saya, ya ware kuɗin taya 4 a cikin cinikin tun farko. Mai zirga-zirgar gida zuwa ofis kawai, Corolla ta ishe shi. Ni dai tana nan, sai dai shokazoba na baya sun fara ƙwanƙwasa a gargada, mun yi da bakanike sai bayan salla.