Toronto zuwa Vancouver a mota: hanyar bakin tafki ko ta daji, Calgary ko Edmonton?

Malam, tambayarka ita ce: ka samu aiki a Vancouver, za ka kwashi maiɗaki da yara biyu daga Toronto a motarka cikin watan Satumba, kuma taswirar waya tana nuna maka hanyoyi barkatai, wacce za ka bi? Ka kuma ce fasfo ɗinku na Najeriya ne, babu bizar Amurka a ciki. To wannan ya rage mana aiki, domin hanyar da waya kan fara nunawa, wadda ke ratsa arewacin Amurka, ta fita daga lissafi. Ta cikin Kanada za ku bi, kilomita wajen 4,400, kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas sau huɗu a jere.

Wuri biyu ne hanyar ke rabuwa. Na farko a lardin Ontario, na biyu bayan ka wuce Winnipeg. Na farkon ya fi buƙatar nazari, don Ontario kaɗai za ta cinye maka kusan kilomita 1,900 kafin ka taka iyakar lardin Manitoba, kuma a nan ne titin ya fi ƙunci.

Daga Toronto, ko dai ka nufi Sudbury ka kama hanya mai lamba 17, ko ka haura North Bay ka bi mai lamba 11. Duka biyun a garin Nipigon suke haɗuwa. Ta 17 tana bi ta Sault Ste. Marie, daga nan ta bi gaɓar tafkin Superior, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 82, babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi a duniya. Idan ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙetare. Amma kyan nan yana da tsada: hawa da gangara ne da kwana-kwana tun daga Sault har Nipigon, mafi yawa falan ɗaya, kuma tafkin kan turo hazo ya rufe titi ba sallama. Abin da ya sa duk da haka nake fifita ta ga mai iyali shi ne garuruwan sun fi jeruwa a kanta: Wawa, White River, Marathon, Terrace Bay. Ƙananan garuruwa ne, amma akwai gidan mai da masauki da wurin da yaro zai kewaya. Tsakanin Sault da Wawa ne kawai za ka yi doguwar tafiya ba gidan mai, don haka ka cika tanki kafin ka bar Sault.

Ta 11 kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari, shi ya sa direbobin tirela suke son ta. Tana ratsa Cochrane da Kapuskasing da Hearst, garuruwan katako inda za ka ji Faransanci a kanti fiye da yadda ka zata. Wanda ya taso Maraɗi ko Damagaram zai sha hira. Daga Toronto ta ɗan fi tsawo kaɗan. Matsalarta tsakanin Hearst da Longlac ne: sama da kilomita 200 babu gari, sai bishiyoyi dama da hagu, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Ga wanda ke jan tirelar kaya a bayan mota, ko wanda injinsa ba ya son hawa, ita ce daidai. Ga mai yara biyu a kujerar baya, ban ga abin da za ta ƙara masa ba sai ƙorafi.

Kowacce ka bi, abu biyu ba sa canzawa. Iyakar gudu galibi kilomita 90 ce a awa, kuma dokar Ontario ba ta wasa: wanda ya ɗora 50 a kan iyakar a irin wannan titi, nan take za a ƙwace motarsa kwana 14, a dakatar da lasisinsa kwana 30. Ka yi tunanin hakan ya same ka da iyali a tsakiyar daji. Na biyu shi ne dabbar da suke kira mus. Dangin barewa ce, amma babban namiji yakan kai kilo 500, ga dogayen ƙafafu, ta yadda idan mota ta buge shi ƙafafun take sharewa, gangar jikin ta faɗo kan gilashin gaba. Da magariba da asuba suka fi fitowa titi, ƙarshen Satumba kuma lokacin barbararsu ne. Mu da muka saba da tafiyar dare don gudun rana, a nan sai mu ajiye wannan al'ada. Rana na faɗuwa, ka kasance ka riga ka sauke kaya a masauki.

A Nipigon akwai gada guda da duk motar da ke ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma sai ta hau kanta. A watan Janairun 2016 wani ɓangarenta ya ɗaga, aka rufe ta, ƙasar ta rabu biyu ta fuskar titi har sai da aka lallaɓa aka buɗe hannu ɗaya. Kafin ka shiga Thunder Bay kuma akwai wurin tunawa da Terry Fox, saurayin da ciwon daji ya raba da ƙafa ɗaya, ya taso da gudu daga gabashin ƙasar yana tara kuɗin binciken cutar, ya yi kilomita 5,373 kafin ciwon ya tsayar da shi a nan a 1980. Ku tsaya, yara su ji labarin, ku miƙe ƙafa.

Rabuwa ta biyu tana gaba da Portage la Prairie kaɗan. Hanya mai lamba 1 ta miƙe zuwa Regina da Medicine Hat da Calgary. Mai lamba 16, wadda ake kira Yellowhead, ta karkata arewa zuwa Saskatoon da Edmonton da Jasper. A filayen alkama ba wani dogon zance: ta 1 tagwayen hanya ce har Calgary, gudu 110 a yawancinta, barci ne kawai abokin gabarka. Ta 16 falan ɗaya ce a mafi yawan tsakanin Manitoba da Saskatoon, sai daga can ta zama tagwaye, kuma gaba ɗaya za ta ƙara maka tuƙin kusan awa biyu.

Bambancin gaske a tsaunuka yake. Ta Calgary za ka ratsa Banff da Lake Louise, ka haura mashigin Kicking Horse mai tsayin mita 1,627, ka gangara Golden, ka sake hawa mashigin Rogers mai mita 1,330. A Rogers ɗin ne Firayim Minista John Diefenbaker ya buɗe babbar hanyar ƙasar a 1962, kuma har yau da hunturu sojoji ne ke harba igwa a kan tsaunukan don dusar ƙanƙara ta zubo a lokacin da aka tare motoci, maimakon ta zubo wa matafiya. Ta Jasper kuwa mashigi ɗaya ne, Yellowhead, mita 1,131 kacal, hawansa a hankali har ba ka cika lura ba, ga dutsen Robson mai mita 3,954 a gefenka idan gajimare bai rufe shi ba. Sai dai gobarar daji ta Yulin 2024 ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin Jasper, don haka kada ka isa can da dare kana neman ɗaki ba tare da ka kama tun da wuri ba. Duka biyun a Kamloops suke haɗuwa, daga nan kowa ya bi babbar hanyar Coquihalla, wadda ita ma tana da doguwar gangara. Mota cike da kaya, ka sa ƙaramin giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi.

Batun salla da abinci, manyan garuruwan duka akwai masallatai: Sudbury, Thunder Bay, Winnipeg, Regina, Saskatoon, Calgary. Edmonton ce ke da masallacin Al-Rashid, na farko da aka gina a Kanada, a 1938. A kan ta 1 kuma akwai Brooks, ƙaramin gari mai katafariyar masana'antar nama da ta tara 'yan Sudan da Somaliya da Habasha. Amma tsakanin Sudbury da Winnipeg naman halal sai an tona, don haka maiɗaki ta haɗa guzuri mai jure hanya. Ka kuma riƙa duba alƙibla kowace rana: a Toronto arewa maso gabas take, kana nausawa yamma tana ƙara karkata arewa.

Ni dai da ni ne, a Satumba, 17 zan bi sannan 1. Zango bakwai: Sault, Thunder Bay, Winnipeg, kowanne wajen kilomita 700, sai Regina, Calgary, Kamloops, Vancouver. Agogo zai ja baya awa uku kafin ku isa. Idan kuwa tafiyar ta zame ta shiga Oktoba, lissafi ya canza: daga 1 ga watan doka ta wajabta tayar hunturu a hanyoyin tsaunukan British Columbia, kuma a lokacin ta Jasper ta fi kwanciyar hankali. In ta kai Nuwamba, shawarata ka ba kamfanin jigila motar, ku kuma ku hau jirgin sama, ko jirgin ƙasa na VIA Rail da ke tashi daga Toronto sau biyu a mako ya kwana huɗu a hanya, ta Saskatoon da Edmonton da Jasper. Allah ya kai ku lafiya, a gaida maiɗaki da yara.