Wata uku da na'urar TENS a gwiwata

Shekara biyu ke nan gwiwata ta dama ta hana ni sakat. Hoton da aka ɗauka ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya zaizaye, abin nan da muke ce wa sanyin ƙashi. Da safe sai ta ƙage kamar minti 15 kafin ta saki, in kuwa bene zan hau, har na kusa da ni yana jin ƙaras-ƙaras ɗinta. Likitar fisiyo ta rubuta min motsa jiki a takarda. Na ninke takardar na jefa a aljihu, na je na sayi ƙaramar na'urar TENS mai batir da ake ta yabo, wadda ke tura 'yar wutar lantarki ta fata don rage ciwo.

Ranar farko kam na sha mamaki. Na manna filastoci huɗu kewaye da ƙoƙon gwiwa, na riƙa ƙara wutar kaɗan-kaɗan har na ji zir-zir kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Kafin minti 20 ciwon ya yi lakwas. Ashe wutar cika jijiyoyin taɓawa take da saƙo, sai saƙon ciwo ya rasa ƙofar wucewa ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. Wai tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo wannan bayani. Ni dai a lokacin ba bayani ne ya dame ni ba, gani nake na warke.

Mako guda bayan nan aka kawo min kwalayen littattafai da za a kai sama. Maimakon in jira yara su dawo, sai na maƙala na'urar a ƙugu, na zura wayoyin ta cikin wando, na kunna, na hau ɗauka. Sawu takwas na yi ko ɗar ban ji ba. A na tara gumi ya ɗaga gefen filasta ɗaya, wutar duka ta taru a ɗan wurin da ya rage a manne. Wallahi na zaci rina ce ta harbe ni. Na saki kwali a tsakiyar matakala, ina laluben makunni ta cikin riga, littattafai na gangarawa. Washegari gwiwar ta kumbura suntum, kwana uku ban iya lanƙwasa ta ba.

Da na koma wurin likitar, ko faɗa ba ta yi min ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, ai toshe wa ciwon baki ta yi, gwiwar tana nan yadda take. Ina takardar da na ba ka?" Kunya ta rufe ni. Ranar muka fara: in kwanta rigingine in ɗaga ƙafa a miƙe sau 10, zagaye uku, sai tashi daga kujera ba dafa hannu, sai keken da ba ya tafiya. Ta kuma ɗora min wata na'urar ta daban mai sa tsokar gaban cinya ta murɗe da kanta. A nan na gane tawa ba ta ƙarfafa tsoka ko kaɗan, ga shi tsokar nan ce ke rage wa gwiwa nauyi. Abin gundura ne, makonni biyun farko ma ciwon ƙaruwa ya yi. A mako na shida na sauko daga bene, sai da na iso ƙasa na lura ban kama ƙarfen gefe ba.

Na so in ce kar kowa ya sayi TENS, balle da na ji hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya tun 2022 ta ce kar a riƙa ba masu wannan ciwo irin wannan wuta, motsa jiki ta sa a gaba. To amma daren da gwiwar ta hana ni barci, ita nake ɗaukowa, minti 30 ta lafa min. Abin da ke ba ni haushi har yau filastocin ne, ba sa mako uku ɗankonsu ya mutu. Gargaɗin cewa mai na'urar daidaita bugun zuciya kar ya kusanci TENS kuwa, can bayan takarda suka cusa shi da rubutun da sai da tabarau biyu. Filastocin ƙarshe da nake da su sun fara ɗagowa, kuma ban yi odar wasu ba tukuna.