Cibiyar gwajin Turancin Sinawa a East Legon, Accra: tana auna karatu, ba ta auna kunne

In kamfaninku na da injiniyoyi Sinawa, kuna son sanin iyakar Turancinsu kafin a damƙa musu takardun aiki, wannan cibiya za ta yi muku rabin aikin. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin haɗa injinan wuta a Tema, daga Nima nake tashi kullum, kuma ni manaja ya ɗora wa kai mutanenmu da karɓo sakamako.

Gwajin kashi biyu ne. Na farko na kalmomi, an tsamo su daga jerin tushen kalmomin ilimi 570 da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000. Wannan bai burge ni ba, don zaɓi ɗaya cikin huɗu ne. Mutumin da ya tsallake gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, ya kuma ci CET-4, jarrabawarsu ta Turanci a jami'a, ya gama ƙwarewa a canki-canka. Ko bai san kalma ba zai lalubo amsar.

Na biyun ne ya halatta kuɗinsa. Karatun kimiyya ne a tsarin IELTS, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa: nassi uku, tambaya 40, minti 60. Ta tagar gilashi na ga dattijon injiniyanmu, wanda ke gane ciwon janareta daga ƙararsa, ya ɗora fensir a kan layi ɗaya ya kasa gaba, leɓɓansa na motsi. Zanen da ke gefe kuwa kallo ɗaya ya yi masa. Ilimin yana nan, sai dai da Sinanci ya koye shi, su kuma kalmominsu na kimiyya da haruffansu suka ƙera su, ba aron Latin da Girkanci irin na Turanci ba. Malamar cibiyar ta zauna da kowa, ta ja jan layi a inda doguwar jimla mai sharaɗi ta kayar da shi. Irin jimlolin da suka cika littafin kiyaye haɗari ke nan, inda kuskure kan ci yatsa.

To amma a wurin aiki ba da takarda ake magana ba. Fomanmu Turancin Ghana yake yi, da burokin da ɗan yaren Twi a ciki, ga ihun inji. Yaron da ya fi kowa maki har yau sai ya waiwayo ni in maimaita masa da hannu. Na yi wa malamar ƙorafi, ta ce, "Alhaji, ai ba wannan kuka biya ba." Gaskiyarta, amma da ta faɗa tun a waya.

In za ku je, ku riƙo littafin injinku ku ce a ciro nassi ɗaya daga ciki; suna yarda, da ɗan ƙarin sidi. Ku kuma fito da sassafe, don cunkoson mahaɗar Tetteh Quarshie ba ya ragawa kowa.