MLB.TV da manhajar MLB a Saudiyya: me kuɗinka zai sayo maka a tsakiyar kaka?

Masu bin wasan besbol a cikin Hausawan Jidda, Makka da Madina ba su da yawa, amma akwai su, kuma yawancinsu ta waya suka shige shi. Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar, domin yaran Zahran, inda ma'aikatan Aramco suke, sun sha zuwa gasar duniya ta yara a Williamsport da ke Amurka. Sai dai wanda yake son ya bi ƙungiya ɗaya ta manya daga farkon kaka zuwa ƙarshenta, hanyar da ta fi kusa da shi ita ce MLB.TV, sabis ɗin kallon wasa ta intanet da hukumar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, ta fara a 2002, tare da manhajar MLB da ke tafiya da shi. Watan Yuli ne lokacin da ya fi dacewa a auna wannan sabis: kowace ƙungiya cikin 30 tana buga wasa 162 a kaka, an wuce 81, an tafi hutun wasan taurari, kuma a ƙarshen watan ko farkon Agusta ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa. A nan ne mai bin ƙungiya yake son sanin gaskiyar halin da take ciki.

Kafin maganar kuɗi, sai an yi maganar agogo, don shi ne yake yanke hukunci. Saudiyya ba ta sauya agogo, kuma a lokacin kaka tana gaban New York da awa 7, tana gaban Los Angeles da awa 10. Wasan da aka fara 7:05 na yamma a gabashin Amurka, 2:05 na dare ne a nan. Tun da aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci a 2023, wasa ya ragu daga sama da awa uku zuwa kimanin awa biyu da minti arba'in, wanda ke nufin wasan gabas yana ƙarewa wajen biyar saura kwata, bayan an kira sallar asuba a Makka a watan Yuli. Mai zuwa aiki ba zai jure wannan sau shida a mako ba. Wasan yammacin Amurka kuwa, irin na Dodgers da ke farawa 7:10 a can, 5:10 na asuba ne a nan: ka dawo daga masallaci ka kunna, kafin takwas an gama. Wanda bai riga ya ƙulla zuciyarsa da wata ƙungiya ba, wannan kaɗai ya isa dalilin ya duba Dodgers, Padres, Giants ko Mariners. Wasannin rana na gabas, da ake yawan yi ranar Lahadi da wasu ranakun Laraba da Alhamis, suna faɗowa bayan takwas na dare, daidai bakin isha'i. A lura kuma: wasan daren Juma'a na can safiyar Asabar ne a nan, ranar hutu, kuma shi ne mafi sauƙin kallo kai tsaye a duk mako.

Saboda haka abin da mazaunin Saudiyya yake saya a zahiri shi ne maimaici, kuma a wannan fanni sabis ɗin ya yi kyau. Ana ajiye cikakken wasa, kana iya tsallaka zuwa zagayen da kake so, akwai kuma taƙaitaccen wasa wanda ba ya kai rabin awa. Kana zaɓar masu sharhin ƙungiyar gida ko na baƙi, ko ka ɗora muryar rediyo a kan hoto. Toshe wasannin ƙungiyar gari da ke ci wa mazauna Amurka da Kanada tuwo a ƙwarya bai shafe mu ba, tunda Saudiyya ba ta cikin yankin kowace ƙungiya. Abu na farko da za ka yi bayan buɗe asusu shi ne ka shiga saituna ka kunna ɓoye sakamako, sannan ka kashe sanarwar ƙungiyarka a wayar. Biyun daban suke. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya zai farka ya tarar da sakamako a fuskar waya kafin ya taɓa komai. Ko a kallon kai tsaye ma, sanarwa da shafin Gameday, mai nuna kowane jifa a zane, suna riga bidiyo da daƙiƙoƙi, sai ka san an buga hom-ran, wato bugun da ya tsallake da ƙwallo bayan katangar fili, alhali mai jifa bai saki ƙwallo ba a allonka.

A 2024 kuɗin shekara dala 149.99 ne a Amurka, na wata dala 29.99. A kan canjin riyal 3.75, na shekara ya kai kimanin riyal 562, na wata kimanin 112. Farashin shekara yana sauka idan kaka ta yi nisa, don haka mai shiga a Yuli ya duba abin da aka sa a ranar, ya kwatanta da biyan wata-wata zuwa ƙarshen Satumba. Rajistar tana sabunta kanta, a kashe wannan tun ranar biya. Sai data: bidiyon da ke gudu a megabit 5 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 2.25 a awa, wasa ɗaya wajen gigabait 6. Mai layin STC, Mobily ko Zain da ƙunshi mai iyaka ya rage ingancin hoto ko ya jira wayfai. Sharhi da Turanci ne, wasu wasannin da Sifaniyanci. Babu Larabci, balle Hausa, kuma masu sharhin ba sa tsayawa yi wa baƙo bayani. Wannan shi ne babban raunin sabis ɗin ga mutanenmu.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Idan tambayarka ita ce "ƙungiyata da gaske take ko sa'a ce?", bidiyon da ka biya ba shi zai amsa ba. Amsar tana cikin alƙaluma, su kuwa kyauta ne: teburin manhajar, shafin Baseball Savant na hukumar, da Baseball-Reference wanda Sean Forman ya kafa a 2000.

Teburin da manhajar ta fara nuna maka nasara ne da rashin nasara da tazarar wasanni. Ja shi gefe har ka ga RS, makin da ƙungiya ta ci, da RA, wanda aka ci ta, da DIFF, bambancinsu. Wannan bambanci ya fi yawan nasara faɗin abin da ke tafe. Bill James ya fitar da lissafi mai sauƙi da za ka yi a kalkuletar waya: ninka RS da kansa, ka raba shi da jimillar RS ninki kansa da RA ninki kansa. A ɗauka ƙungiya ta ci 380 an ci ta 360 a wasa 81. Na farko ya ba da 144,400, na biyu 129,600, jimilla 274,000. Rabawa ta ba da 0.527, sau 81 kuma nasara 43 ke nan. Idan tebur ya ce tana da 50, to nasara bakwai ba daga ƙarfinta suka fito ba, kuma galibi za ka same su a wasannin da aka ci da tazarar maki ɗaya, inda ƙwallo guda da ta zame wa mai tsaro take juya sakamako. Akan samu ƙungiyar da sa'ar ta raka har ƙarshe. Texas Rangers a 2016 sun ci 36 sun faɗi 11 a irin waɗannan wasanni, suka gama da 95-67 alhali bambancin makinsu 8 ne kacal. Seattle Mariners a 2021 sun yi 90-72 duk da an fi su ci da maki 51. Ana tuna su ne saboda ba a cika ganin irinsu ba.

Ko bambancin makin ma ba ya ganin gobe gaba ɗaya, domin ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. New York Yankees sun shiga hutun 2022 da 64-28, Aaron Judge yana da hom-ran 33. Shi ya ci gaba har ya kai 62, amma ƙungiyar bayan hutu 35-35 ta yi. Atlanta Braves kuma a 2021 sun shiga hutu da 44-45, babban ɗan wasansu Ronald Acuña Jr. ya tsinke jijiyar gwiwa a ranar 10 ga Yuli, kowa ya ɗauka shekarar ta tafi. Suka sayo Joc Pederson, Adam Duvall, Jorge Soler da Eddie Rosario a cikin watan, suka yi 44-28 bayan hutu, suka ɗauki kofin duniya na gasar. Darasin aiki a nan shi ne ka buɗe shafin shige da fice na ƙungiyar a manhaja duk lokacin da ka buɗe tebur. Jerin masu rauni kashi-kashi ne: kwana 10 ga masu sanda, wato masu bugun ƙwallo, 15 ga masu jifa, 60 ga rauni mai tsanani. Mai jifa biyu daga cikin biyar masu fara wasa a jerin kwana 60 sun fi duk abin da tebur ya rubuta nauyi.

A ɓangaren masu sanda, talabijin yana son nuna AVG, wato sau nawa mutum ya buga ƙwallo ya tsira cikin zuwansa. Matsakaicin gasar a 2024 shi ne .243. Lambar ba ta ƙirga wanda ya yi haƙuri har mai jifa ya ba shi tasha kyauta, wato ya isa matsaya ta farko ba tare da bugu ba, ba ta kuma bambanta ƙaramin bugu da hom-ran. OPS ya haɗa isa tasha da ƙarfin bugu, ya fi ta amfani. Matsakaicinsa a 2024 shi ne .711. Amma fili yana ruɗi. Coors Field a Denver yana kan tudu na kimanin mita 1,600, iskar ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da nisa. Shi ya sa a Baseball-Reference ake duba OPS+, wanda ya cire tasirin fili ya mai da 100 matsakaici: 130 ya fi tsaka-tsaki da kashi 30 cikin ɗari, 85 yana ƙasa. Kada a manta da tace sunaye. Ana ɗaukar mai sanda ya cancanci shiga jeri ne idan ya zo bugu sau 3.1 a kowane wasan ƙungiya, wato kimanin 251 a rabin kaka. Wanda yake da .340 a zuwa 60 bai nuna komai ba tukuna.

Baseball Savant shi ne inda aka fi samun riba ba tare da biyan halala ɗaya ba. Tun 2015 aka kafa na'urorin Statcast a dukkan filaye 30, suna auna gudun kowace ƙwallo da kusurwar tashinta. Bugun da ya fita da mil 95 a awa, kimanin kilomita 153, shi ake ƙirgawa a matsayin mai ƙarfi. Daga nan suke fitar da lambobin da ke farawa da x, irin xBA da xwOBA, wato abin da ya kamata bugun mutum ya haifar da babu mai tsaron da ya tsaya a daidai wurin. Buɗe shafin ɗan wasa, ka ajiye wOBA, ma'aunin abin da bugunsa ya haifar a zahiri, kusa da xwOBA. Idan ta zahiri tana ƙasa sosai da wadda ake tsammani, yana dukan ƙwallo da kyau, hannun mutane kawai take faɗawa, kuma akwai kyakkyawan zaton zai farfaɗo. Shafin yana da nauyi a ƙaramar waya, teburansa kuma an yi su ne don allo mai faɗi. A kwamfuta ko a juya waya a kwance ya fi karantuwa.

Masu jifa suna da nasu tarkon. Idan ka ga IP, wato yawan zagayen da mutum ya yi jifa, an rubuta 95.1, ba ɗigo ɗaya na goma ba ne: zagaye 95 ne da fitar da mutum ɗaya, wato sulusi, .2 kuma sulusi biyu. Wanda ya sa 95.1 a kalkuleta zai sami ERA, wato matsakaicin makin da ake ci wa mai jifa a zagaye tara, da ta kauce. Hanyar ita ce makin da aka ɗora wa mai jifa sau 9, a raba da 95.33. ERA ɗin kanta tana ɗauke da aikin masu tsaron bayansa, don haka a haɗa ta da FIP, wanda ya tsaya kan abin da ke hannun mai jifa: hom-ran, tasha kyauta, bugun jikin mai sanda, da fitarwa da jifa uku. Mai ERA 2.60 da FIP 4.20 yana cin bashi ne. Masu karɓar jifa a ƙarshen wasa kuwa, da wuya su wuce zagaye 40 a tsakiyar kaka, dare ɗaya mara kyau yana iya lalata lambar mutum na wata guda, saboda haka a bi wasanninsu ɗaya bayan ɗaya maimakon jimilla.

Inda bidiyon ya cancanci kuɗinsa shi ne bayan alƙaluma sun nuna maka inda za ka duba. Savant ya ce gudun jifan wani ya ragu da mil biyu tun Mayu: ka koma ajiyar MLB.TV ka kalli zagayensa na farko a Afrilu da na makon jiya, ka ga ko hannunsa ya sauko, ko yana jinkirin sakin ƙwallo. Taƙaitaccen wasa ba zai nuna maka wannan ba, don jifan ƙarshe na kowane mai sanda kawai yake kawowa.

Mai bin ƙungiyar yammacin Amurka, ko mai sararin kallon maimaici sau uku ko huɗu a mako, rajistar rabin kaka ta dace da shi, musamman a Satumba lokacin da ake kokawar gurabe 12 na zagayen ƙarshe. Ɗalibin da ke Madina da ƙunshin data mai iyaka, ko mai shago da ba ya rufewa sai tsakar dare, ya buɗe asusun kyauta tukuna. Yana ba da wasa ɗaya a rana ba biya, da gajerun bidiyo, da Gameday mai nuna kowane jifa a zane ba tare da cin data sosai ba. Ya gwada hakan zuwa ranar rufe kasuwar 'yan wasa, idan ya ga yana neman wasannin da ba a ba shi, sai ya biya na wata ɗaya.