But ɗin gwanjo a kasuwar Gusau: wanne ya dace da filin kwaleji?

Idan ƙungiyar kwaleji ta ƙare kakar wasa a ƙasan tebur, koci ake fara ɗora wa laifi. Da wuya wani ya duƙa ya duba ƙafafun yaran. Alhali da yawansu wajen 'yan gwanjo suke sayen but, wato takalmin ƙwallo, kuma a nan ake tafka kuskuren.

Kayan dai ba su da laifi. Adidas ko Puma na gwanjo, in an dace, ya fi sabon jabu ƙarko nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce an yi yawancinsu ne don filayen Turai masu ciyawa da laima. Shi ya sa a cikin dila za ka tarar da mai dogayen ƙusoshin ƙarfe shida, wanda ake rubuta wa SG, aikinsa nutsewa cikin taɓo. A filin da hunturu ya busar ya koma kamar daɓe, ƙusa ba ta da wurin shiga. Nauyin ɗan wasa duka sai ya tattaru a wuri shida, tafin ƙafa ya yi bororo, juyi ɗaya kuma sai targaɗe a idon sawu. 'Yan baya biyu suka kwanta jinyar mako uku, ai an gama da ƙungiya. Mai shago ba zai gaya maka haka ba, shi dai ƙyalli yake nuna maka.

Don filin ƙasa ko burji, nemi mai alamar TF, mai ƙananan haƙoran roba birjik. FG kuwa, mai matsakaitan ƙusoshin roba, sai da damina, in ciyawa ta fito.

Kafin ka biya, lanƙwasa takalmin daidai gindin yatsu. In ƙasan ya tsage, ko yana barbaɗewa kamar garin kwaki, ya daɗe a jibge, mayar masa da abinsa. Danna diddigen: in ya lotsa ba zai riƙe ƙafa ba. Gwada da safar wasa, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar kamar santimita 1 a gaban babban yatsa. Duba lambar kowace ƙafa, don akan haɗa 42 da 43.

Gam ɗin da ya riƙe ƙasan takalmin ba ya jure zafin Afrilu mai haura digiri 40. Kai wa shumeka ya zagaye takalmin da ɗinki tun kafin wasan farko, kuma in an wanke a shanya a inuwa.