FreeStyle Libre ta rufa min asiri a babbar Sallah

Ni dai mai allurar insulin ce, kuma duk Sallah sai suga na ya rikice, ga ziyara gida gida, ga cincin da lemon kwalba da waina, lokacin cin abinci ma ya tashi daga inda na saba. Bana sai na manna wannan na'urar auna suga ta FreeStyle Libre a bayan dantse, kwana 14 take yi, da waya nake dubawa ba sai na huda yatsa kowane lokaci ba. Wallahi a nan na gano ba naman layya ke hau min da suga ba, zobo mai zaƙi ne da shinkafar dare. Na'urar tana ɗan jinkirin mintuna in suga na sauka da sauri, to nan kam ina tabbatarwa da gwajin yatsa.